Sawun Eladio a Gansakuka

Duk wanda ya sauka a tsibirin nan, ko da shugaban sansanin ne da kansa, sai ya bi layin wankin takalma. Ba a shiga Antatika da ƙasar wani gari a tafin ƙafa. A bakin gaɓa akwai kwami cike da ruwan magani, akwai buroshi, ga kuma Dakta Maite Urrejola zaune a kan akwati da tsinke a hannu, tana sakace tafin takalman mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Aljihu ma sai an zazzage shi, don ƙwayar irin ciyawa guda in ta faɗo ta kama, an shiga uku. Iska na yankan kunne, mutane na tsalle-tsalle a wuri ɗaya, ita kuwa ko a jikinta.

Maestro Remigio Chiguay ya riga dokar layin nan zuwa tsibirin. Kafinta ne, shi ya sa ake ce masa Maestro, wato babban gwani, mutumin wani yanki ne da ake kira Chiloé, can ƙetaren teku. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, da zarar ƙanƙara ta saki teku sai ya hau jirgi ya zo ya gyara abin da hunturu ya ɓalle, ya koma gida kafin duhu ya dawo. Bana ce zuwansa na ƙarshe. Likita ya saurari ƙirjinsa ya girgiza kai, ya ce wannan karon kaɗai zai sa masa hannu.

Ya miƙa takalman ƙafarsa aka wanke. Sai Dakta ta zuge jakarsa, ta ciro wasu daga ƙasan kaya, an naɗe su a tsohon bargo. Manya ne, na fata, irin waɗanda aka daina yi tuntuni, sai ƙyalli suke don shan mai.

"Maestro, waɗannan fa?"

"Takalma ne, Dakta."

"Ai na ga ba kifi ba ne. Na wa?"

Belarmino mai dafa abinci, wanda ke bayansa a layi, ya leƙo ta kafaɗarsa. "Nasa ne mana! Ba ki san tsufa daga ƙafa yake fara kumbura mutum ba? In ya ƙara shekara a nan, kwalekwale biyu zai riƙa sawa."

Remigio ya ce, "Kai da tumbinka ya riga ka sauka daga jirgi, har kana da bakin zancen kumburi?"

Aka yi dariya, ban da Dakta. Ta kifa takalmi ɗaya tana duban dunduniyarsa, inda aka kafa wani ƙarfe mai lanƙwasa irin na jinjirin wata. Ta san ƙarfen nan, ko da yake yau ta fara ganinsa da ido. Siffarsa take aunawa shekara da shekaru a bayan sansani. Ta ɗago ta dubi Remigio, shi kuma ya mai da idonsa kan teku. Ta daɗe tana goge su, fiye da yadda ta goge na kowa, sannan ta miƙa masa.

"An kula da su," in ji ta.

"Mahaifiyata ce ke shafa musu mai."

Takalman Eladio ne, ƙanin Remigio. Remigio ne ya samo masa aikin tun zuwansa na biyu, ya ce wa uwarsu wata uku ne kacal, yaro zai dawo ya sayi kwalekwalensa na kansa. Eladio dogo ne, ga baki, ga gajen haƙuri. In ka ce masa ya zagaya, sai ya tambaye ka wa ya mutu a hanyar tsaye.

A bayan sansanin, gindin tudu, akwai fadamar gansakuka, kore shar, ita kaɗai ce abin da ido zai huta a kai cikin wannan baƙin dutse da farar ƙanƙara. Kaurinta ya kai na katifa, amma abin da take ƙarawa a shekara bai kai kaurin farce ba. Hanya ta zagaye ta ne ta kan duwatsu. Ran nan aka aza wa Eladio gungumen katako ya kai ɗakin da ake ginawa a kan tudu, sai kawai ya ratsa ta tsakiya yana fito. Remigio ya daka masa tsawa daga nesa. Yaron ya waiwayo da gungumen a kafaɗa ya ce, "Haba Yaya, ciyawa ce fa, gobe ta tashi!"

Ba ta tashi ba. Nauyinsa da na katakon sun lotsa ta, sawu ya jeru tun daga wannan bakin har wancan, kowanne da ƙarfen dunduniya a fili. Shugaban sansanin na lokacin ya yi faɗa, aka manta. Bayan 'yan makonni suna jigilar kaya daga jirgi, igiyar ruwa ta kife ƙaramin kwalekwalensu. An ciro mutum biyu. Ruwan nan ba ya ba mutum lokacin kiran sunan uwarsa ma, kuma bai dawo da Eladio ba. Takalmansa na fata suna ƙarƙashin gado, don na roba ya sa ranar, su aka mayar gida a akwatinsa.

A ƙauyensu, in teku ta ci mutum, akan sa tufafinsa a akwatin gawa, Fada, limamin coci, ya yi addu'a, a binne, dangi su samu inda za su riƙa kai fure. Uwarsu, Orfelina, ta ce atafau. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba za ta yi kuka a kan ramin wofi ba. Fada ya zo, dangi suka zo, har maƙwabta suka sa baki, ta dafa musu shayi ta raka su ƙofa. Ba wai ba ta san darajar kabari ba ne. Da mijinta ya rasu, kullum sai ta hau tudun coci da bokiti tana yayyafa wa tulin ƙasar ruwa, a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da aka yi mata magana ta ce, kabarin da bai yi ciyawa ba, mai shi bai kwanta ba tukuna. Ranar da ciyawa ta rufe shi ta ajiye bokitin.

Shekara ta zagayo, Remigio ya koma tsibirin da zuciya kamar dutse, ya tarar da sawun yana nan kamar jiya aka taka. Wata shekarar ma haka. Ya ɗauko hoto ya kai mata. Tun daga nan abin ya zama ƙa'ida: duk dawowarsa, kafin ya ajiye jaka, sai ta ce, "Ƙafarsa na nan?" Ya ce tana nan. Ta karɓi sabon hoton ta jingina kusa da kyandir, ta sauke na bara. Abin da take da shi ke nan na ɗanta a duniya, wuri guda da za a nuna a ce nan ya taka.

To, 'yan shekarun nan ɗumi ya ƙaru, gansakuka ta fara sauri, irin saurinta. Sawun tsakiya suka cike. Yatsu suka shafe. Hoton bara, tsohuwa ta kai shi bakin taga ta sa gilashin ƙara girma, ta daɗe, ta ce, "Yana tafiya." Ba ta ƙara magana a kai ba sai daren tafiyarsa, suna zaune a gaban murhu, ƙanwarsa Clorinda na feren dankali. Ta jawo takalman daga ƙarƙashin kujerarta ta ɗora masa a cinya.

"Ka sa su ka taka mini wurin. Ka danna da kyau, yadda zai kai ni."

"Mamita, an hana taka wurin."

"Wa ya hana? Shi ya haifa mini shi?"

"Doka ce. Ba ni kaɗai ba, kowa."

"Bana ne zuwanka na ƙarshe. In ka dawo, wa zai duba mini? Wancan mai tumbin?" Ta gyara mayafinta. "Kai ka kai shi can, Remigio. Ban taɓa faɗa maka ba, yau ma ba zan faɗa ba."

Ka ji fa. Clorinda ta yanke yatsa ta yi tsaki. Shi kuwa ya naɗe takalman a bargo. Mutum mai shekara sittin da wani abu, jikoki har uku, amma maganar nan ta shige shi kamar yana ɗan shekara goma.

Makon farko aiki ya sha masa kai. Hunturu ya kwashe rabin rufin rumbun kaya, ƙofar ɗakin inji ta kumbura, ƙanƙara ta tsaga matakala. Yana aiki, tsuntsayen fengwin na wucewa ta gabansa a layi zuwa teku, ba sa ko kallonsa, don sun san doka: su ke da hanya, mutum ne zai ja baya. Sauran katako, lanƙwasasshen ƙusa, har garin zarto, duk sai ya share ya zuba a ganga, jirgi ya mayar da su inda aka kawo su. Shekara talatin yana gini a nan yana share bayansa. Wani lokaci yakan tsaya da tsintsiya a hannu ya yi tunani, in an tashi sansanin nan gobe, ba za a samu abin da zai nuna ya taɓa zuwa ba. Eladio da ya yi wata biyu kacal, shi ne ya bar alama.

Ranar awo ta zo. Ba a taka gansakuka, don haka ba a auna ta a tsaye. Akwai dogon katako mai ƙafafu a kan duwatsu, Remigio ne ya ƙera shi shekarun baya, akan gitta shi a saman fadamar, mai awo ya kwanta rubda ciki a kai ya miƙa hannu ƙasa. Shi ke riƙe ƙarshen katakon, ita ke kwanciya. Tun tana ɗaliba suke haka, ga shi yanzu har furfura ta fara leƙo mata.

Ta zura siririn ma'auninta a ramin farko, ta duba, ta sake dubawa. "Kai! Maestro, ka san nawa ya ciko bana? Ya fi na shekara uku a da." Murna ce fal a muryarta. Sai ta tuna da wa take magana, ta kau da kai.

"Ki faɗi abinki, Dakta. Aikinki ne."

"Nan da 'yan shekaru ba za a gane wurin ba."

"Na sani. Ina da ido."

Ta juyo a kan katakon ta dube shi, iska na kaɗa mata hula. "Takalman nan da ka zo da su."

"Suna ƙarƙashin gado."

"Abin da ke ƙasan ƙirjina yanzu ya girmi cocin garinku. Taki ɗaya, sai jikokinka su girma su tarar da shi. Kuma sawun nan su kaɗai ne a tsibirin da muka san ranar da aka yi su. Da su muke sanin tsawon lokacin da wurin nan ke ɗauka kafin ya warke daga mutum. In an sake taka su, shi ke nan, ba ni da abin aunawa."

Ransa ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa, kuma gaskiya a bakin wanda ba shi da uwa mai jira tana da sauƙin faɗa. Ya nuna sansanin da haɓa. "Ga injinmu can yana tusar hayaƙi dare da rana. Ga jiragen 'yan yawon buɗe ido, kowanne ya fi ƙauyenmu mutane. Ɗumin da kike aunawa wa ya kawo shi? Duk wannan bai dame ku ba, sai ƙafar tsoho ɗaya?"

"Ya dame ni. Wallahi ya dame ni. Amma waɗancan ba na iya tsayar da su, kai kuwa ina iya roƙonka." Ta mayar da ma'aunin aljihu. "Ba shinge a nan, Maestro, ba ɗan sanda. Ba zan kai ƙararka ba, ba kuma zan zauna gadi ba. Da tawa uwar ce ta aike ni, ban san abin da zan yi ba."

Da ta yi masa barazana da ya fi jin daɗi. Mutum ya san yadda zai yi da mai faɗa. Suka ɗauke katakon suka jingina shi inda yake zama, bayan wani dutse, suka koma sansani.

Kwanaki suka yi ta tafiya, in dai za a kira su kwanaki, a wurin da rana ke sunkuyawa kaɗan ta sake miƙewa. Kowace Lahadi bayan abincin rana akan yi layin waya a ɗan ɗakin da shi ma Remigio ne ya kafa shi. Lahadin farko ya ce mata aiki ya yi yawa. Ta biyu ya ce dusar ƙanƙara ta rufe wurin, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai ta narke tun ranar Talata. Ta uku ta ce, "Remigio, ni na haife ka, na san muryarka in kana zille-zille." Gaba kura, baya siyaki. Belarmino ya lura ba ya cin abinci, ya tsaya a kansa da ludayi.

"Miyata ce ba ta yi maka ba, ko budurwa ka yi cikin fengwin ɗin nan ta ƙi ka?"

"Bar ni, Belarmino."

"Ba zan bar ka ba. Shekara ashirin kana zagin girkina kana ƙari. Yau ba zagi ba ƙari, ai dole in tsorata." Ya zauna, ya rage murya. "Tsohuwa ce?"

Remigio ya gyaɗa kai.

"To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ka ci burodin nan, ko me za ka yi, kada ka yi shi da yunwa."

Lahadin da ta biyo baya aka sanar cewa jirgin komawa zai iso cikin mako. Gari ya waye tas, ba iska, abin da ba a cika samu ba. Mutane na ɗakin cin abinci suna karta. Remigio ya ɗauki bargon ya fita ta ƙofar baya. A bakin ƙofa ya tsoma takalman a kwamin magani ya goge su, sai da ya gama ya ga wautar abin: zai je ya karya babbar doka, ya tsaya yana cika ƙarama. Hannu ne ya saba.

A bakin fadamar ya zauna kan dutse ya cire nasa ya sa na Eladio. Ƙafarsa ta yi iyo a ciki. Ya ɗaure igiya iya ƙarfinsa ya miƙe. Ga ramin farko nan gabansa, taki ɗaya daga dutsen, ɗan lotsawa kawai da in ba ka san shi ba za ka wuce. Ya ɗaga ƙafar dama. Sai ya dubi rami na biyu, ya ga nisansa. Tabɗi! Takin saurayi ne dogo mai sauri, da gungume a kafaɗa yana fito. Shi da gwiwarsa ke ƙara in ya hau matakala, ko ya yi tsalle ba zai kai ba. Sai ya taka a tsakani, ya sake takawa, ya dogara, watakila ya zame. Abin da zai bari a nan sawun tsoho ne mai jan ƙafa cikin aron takalmi, shi zai ɗauka a hoto ya kai wa uwarsa ya ce ga Eladio. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama har ta fara rawa, ya mayar da ita kan dutse.

Bai fasa ba tukuna. Cewa ya yi bari ya duba da kyau, ko na bakin nan kaɗai zai danna, guda ɗaya ma ai ya isa hoto. Ya jawo katakon awo ya gitta, ya kwanta a kai rubda ciki. Shekarun nan duka shi ke riƙe ƙarshe, bai taɓa kwanciya a kai ba. Daga tsaye yake kallon wurin, daga tsaye yake ɗaukar hoto.

Da fuskarsa ta matso, ƙamshi ya fara bugunsa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na bayan gidansu in an yi ruwa. A tsibirin nan ba abin da ke wari sai kashin tsuntsu da man inji, ya manta akwai wannan. Sannan ya ga cikin ramin. Ashe ba cikewa kawai yake ba. Lotsawar ta tare iska, ta tara ɗan ruwa, gansakukar da ke ciki ta fi ta kewaye laushi da haske. A daidai inda ƙarfen dunduniya ya nutse kuwa, wata 'yar ciyawa ta fito, siririya, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, irin 'yar ƙasar nan da Dakta ke rawar jiki in ta gani. Ya ja jiki gaba ya leƙa na biyu. Akwai ta. Na uku ma akwai, har da 'yan ƙananan kawunan iri.

Ya daɗe a kwance. Can nesa ƙanƙara ta ɓalle ta faɗa teku da ƙara, bai ɗago ba. Bokitin uwarsa yake gani, da ita tana hawan tudun coci cikin yayyafi, mutane na cewa ta zautu. Shekara talatin yana tsammanin hoton ƙafa yake kai mata. Ashe tulin ƙasa yake kai mata, wanda bai yi ciyawa ba, ita kuma tana zaune da bokitinta ba inda za ta zuba. Hawaye ya zubo masa, ya yi sauri ya tare da hannun riga kada ya ɗiga a kai, sai kuma ya yi wa kansa dariya. "Gobe ta tashi," ya ce a fili. "Ai kuwa ta tashi, ɗan banza. Goben taka ce ta yi nisa."

Ya ɗauki hoto daga nan kwance, kusa-kusa. Ya mayar da katakon mazauninsa, ya cire takalman ya naɗe. A hanyar dawowa ya hangi Dakta a tagar ɗakin bincikenta, ta juya baya tana wanke kwalaben da ya tabbata wankakku ne. Ya ƙwanƙwasa gilashin, ta juyo, ya ɗaga mata tafin takalmi ɗaya ta gani. Fes yake. Ta rufe bakinta da hannu, shi kuma ya wuce, don ba ita ce mai wuyar ba.

Ya bi layin waya. Da ya shiga ya rufe ƙofa, Clorinda ta ɗauka, ta ce tsohuwa tun safe take zaune kusa da wayar ta hana kowa taɓawa. Ya ji an kara mata a kunne, ya ji numfashinta.

"Ka taka?"

"Ban taka ba, Mamita."

Ta cikin wayar yana jin itace na ƙara a murhu, da ruwan sama a kan rufin da shi ya buga da hannunsa.

"Na sa takalman, na je har bakin wurin. Mamita, ciyawa ta fito a kansa."

"Wace irin ciyawa? Ka ce mini ba abin da ke fitowa a can sai wannan gansakukar."

"Akwai wata 'yar ƙarama, ba ko'ina take yarda ta fito ba. Ta fito a cikin dunduniyarsa. Na farko, na biyu, na uku, duk inda na iya leƙawa."

"Kore ce?"

"Kore shar."

"Wa ya shuka?"

"Ba wanda ya shuka. Ba wanda ya ba ta ruwa."

"Ta rufe shi duka?"

"Saura kaɗan. Tana kan rufewa. In na taka, zan tone shi ne."

Ya riƙe wayar da hannu biyu, yana jiran maganar nan da ta ce ba za ta faɗa ba, ya san in ta faɗe ta yau, da ita zai mutu. Belarmino ya fara buga ƙofa yana cewa wasu ma suna da uwaye. Sai ya ji muryarta ta yi nisa, ta juya daga wayar.

"Clorinda. Gobe ki je wurin Fada, ki ce ya sa mana rana."

Ya ji ƙanwarsa ta fashe da kuka. Tsohuwa ta ce mata ta yi shiru mana, ba ta gama magana ba. Muryar ta dawo kusa.

"Ka dawo mini da takalman, su za mu sa a akwatin. Kada ka bari su jiƙe."

"To, Mamita."

"Kai ma ka dawo, Remigio. Ka sa rigar sanyi a jirgi. Ɗaya ya ishe su a can."